Bokitin Baba

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar sabulu, a gindin tukunyar damawa, kuma banda ciwon baya abu ɗaya ya fito da shi daga can: duk abin wankin da bai yi kumfa ba, ƙarya yake yi. Da ya yi ritaya sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara rediyon gidan har ta daina magana, ya gyara ƙofar banɗaki har ta daina buɗewa. Inna, matarsa, ta fara ɓoye sukudireba a cikin buhun gawayi.

Ana cikin haka Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta gama karatun haɗa sinadarai, ta mai da ɗakin ajiya wurin sana'a. Ruwan goge fuska take haɗawa, wanda 'yan mata ke kira ruwan misela, irin wanda ake ɗigawa a auduga a share kwalliya ba sai an ɗauraye ba. Ranar farko Baba ya tsaya bakin ƙofa, hannu a baya, yana kallo. Ta auna tataccen ruwa, ta zuba gilisarin don kada fata ta bushe, ta sa ɗan ruwan wardi da maganin hana lalacewa. Sannan ta ɗauko sinadarin wankin ta ɗiga ɗan mitsitsi, sai ka ce kwalli take sa wa jariri.

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Shi ke nan, Baba. Shi yake dunƙulewa ya zama ƙananan ƙwallaye da ido ba ya gani. Cikinsu na son maiƙo, bayansu na son ruwa, sai su haɗiye dattin su tafi da shi."

"Ƙwallayen da ba a gani! A masana'antarmu, ki kawo wa manaja abin da ba a gani, ranar za ki tattara kayanki."

Auta ta yi dariya ta miƙa masa shuɗin bokiti da sandar damawa. Tun daga ranar kullum da safe sai ta cika masa bokitin, ya zauna a kujerar tsugunno yana damawa yana fito. Sai dai fa Baba yana da jarkar sabulun ruwa a ƙarƙashin gado, tsarabar wani tsohon abokin aiki. Da Auta ta juya baya sai ya zuba ludayi guda, don ya rufa wa yarinya asiri. Ciniki kuwa sai ƙaruwa yake, ba wanda ya taɓa dawo da kwalba. Baba ya san dalili, ya dai yi shiru, don ba shi da son yabo.

Sai ga labari: Hajiya mai babban shagon kayan kwalliya na bakin titi za ta zo ta gwada da kanta. In ta karɓa, kwalaben Auta sun hau kantar shagonta. In ta ƙi, Auta ta ce za ta kulle ɗakin ta tafi neman aiki wani gari. Baba ya san in ɗakin ya rufu, bokitinsa ya tafi ke nan. Da safen ranar ya zuba ludayi uku.

Hajiya ta iso da wuri, Auta kuwa ta fita karɓo takardun liƙawa a wurin mai buga takardu. Hajiya mace ce mai jiki da ƙamshi, fuskarta ta sha hoda, girarta a zane kamar an sa rula.

"Ba sai kin jira ta ba, Hajiya," in ji Baba. "Ai ni nake damawa."

Ya cika kwalba daga shuɗin bokiti, ya girgiza ta da ƙarfin tsohon ma'aikaci, ya jiƙa auduga sharkaf. Hajiya ta shafa a goshi. Wayyo! Kumfa ta taso fara fat, ta gangaro ta rufe ido ɗaya. Ta ƙara gogawa don ta share, kumfar ta ninka. Girar hagu ta tafi gaba ɗaya, ta dama ta zamo ta sauka a kumatu.

"Malam, idona! Me ka sa mini?"

"Aiki yake yi, Hajiya, ki daure. Kin ga ƙwallayen sun fito fili."

Inna ta rugo da ruwa a kwano ta watsa mata, abin ya zama kamar an ba kumfar abinci. Hajiya ta yi atishawa, wani ƙaton ƙwallon kumfa ya fito ya yi yawo a falo ya je ya fashe a jikin agogo. Daidai nan Auta ta shigo da kwali a hannu. Ta dubi Hajiya, ta dubi kwalbar, ta dubi mahaifinta.

"Baba! Daga shuɗin bokitin ka ɗiba?"

"To daga ina zan ɗiba?"

Auta ta ajiye kwalin. Ta wanke wa Hajiya ido da ruwa mai yawa tana ba ta haƙuri, sannan ta buɗe kabad ta fito da wata farar jarka da Baba bai taɓa gani ba. Ta ɗiga a auduga ta share sauran fuskar a hankali. Ba kumfa, ba zafi, audugar ta fito baƙa ƙirin. Hajiya ta daɗe tana duba madubi da jan idonta, ta shafa kumatu, ta ce a kai mata kaya gobe, amma da sharaɗin tsohon nan kada ya kusanci shagonta. Ta ja gyale ta rufe goshin da ba gira ta fita.

Baba ya zauna a kujerarsa. Kunya ta rufe shi, amma ba ita ta fi ci masa rai ba.

"Auta, nawa fa? Wanda nake damawa kullum, ina yake zuwa?"

Inna ce ta amsa daga kicin. "Ka taɓa ganin tayil ɗin banɗakinmu yana sheƙi haka?"

"Tun yaushe kika gane?"

"Tun ranar farko, Baba. Ruwan ya koma kore."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba? Kika bar ni ina ta dama ruwan goge tayil kamar wani..."

Auta ta durƙusa gabansa tana kakkaɓe masa kumfa daga hannun riga. "Tun da ka bar aiki ban ƙara jin ka yi fito ba, sai ranar da na ba ka bokitin nan."

Baba ya goge idonsa. Ya ce sabulu ne ya shiga masa ido, ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari da safe shuɗin bokitin na nan a wurinsa, cike da ruwa. Baba ya daɗe yana hararar sa. Can sai ya je ya janyo jarkarsa daga ƙarƙashin gado, ya ajiye ta a fili tsakar ɗaki, ya zuba ludayi biyu a gaban kowa. Auta tana auna gilisarin ta ji fito ya fara tashi a bayanta, ba ta juyo ba.