Ƙusar Don Casimiro

"To ki faɗa masa! Ki je ki zazzage masa gaskiya duka, Mama, in kin dawo sai ki zuba wa jikokinki ita a faranti su ci!"

Herminia ba ta ɗago kai ba. Dafaffiyar ayabar karin kumallo take kirɓawa, tana danna ta kamar ayabar ce ta yi mata laifi. Ɗanta Wilfrido na tsaye a bakin ƙofar kicin, rigar gidan waya a jikinsa, makullin babur na lilo a yatsansa.

"Rage murya," ta ce. "Bangon nan ba shi da kauri, kuma ka san wadda ke bayansa."

Maƙwabciyar da ke bayan bangon ba sai an faɗi sunanta ba. Shanya kawai ta fito yi, baiwar Allah, kunne kuwa ba shi da murfi.

"Ba wanda ya ce ki yi ƙarya," in ji Wilfrido. "Shiru kawai za ki yi."

"Shiru? Sufeto zai tambaye ni baki da baki a gaban kowa. In ce masa me? Haƙori ke mini ciwo?"

"Ki ce abin da ya gani da idonsa haka yake."

Ta saki muciyar ta juyo. "Wilfrido, Don Casimiro ne ya riƙe ka a coci ranar baftismarka, har ka jiƙa masa sabuwar riga. Shi ya yi ta sintiri har aka ɗauke ka aikin nan. Ranar da muka binne ubanka, shi ne a gaban akwati."

"Na ce miki na manta ne? Baba Casimiro shi kaɗai ne, daga shi sai kajinsa. Ni fa? Albashin nan ba ya kai mu tsakiyar wata, kin fi kowa sani. In ban yi acaɓa da rana ba, me yaran nan za su ci? Kuma in aka kore ni, ke ma kin tafi, don ke ce mai cewa 'ya zaga baya'. Gida ɗaya, albashi biyu, rana ɗaya. Ki lissafa."

Herminia ta ji gajiya ta sauko mata, irin wadda barci ba ya magani. A ɗaki jaririn Wilfrido ya tsala kuka, uwarsa na lallashi. Herminia ta zuba ayabar a faranti, ta watsa soyayyar albasa a kai, ta tura wa Wilfrido. Ya cinye tas yana tsaye. Wannan yaro, rigima ba ta taɓa hana shi cin abinci ba.

* * *

A gidan wayar Villa Amparo akwai ƙusoshi huɗu a jere a bango, bayan kanta inda Herminia ke zama. Kowane mai raba wasiƙu da ƙusarsa. Dokar ita ce, in ka gama zagayenka na safe ka dawo, ka rataye hularka, ka zauna tsintar wasiƙun da motar yamma ta kawo har lokacin tashi. Hula a kan ƙusa na nufin mai ita yana bakin aiki.

Ba a san wanda ya fara gano cewa hula na iya zuwa aiki ba tare da kai ba. Abin dai ya daɗe. Kafin rana ta take, sai ka ga an dawo an rataye, an kunna fanka da rediyo, an ajiye rabin kofin gahawa a kan tebur, an sulale ta ƙofar baya. Wilfrido ya hau babur ya kama acaɓa a bakin kasuwa. Tiburcio ya tafi wajen zakarunsa na faɗa, waɗanda ya fi kulawa da su a kan matarsa, kowa ya shaida. Yuderka kuwa ta buɗe shagonta na gyaran gashi. In wani ya zo nemansu, sai Herminia ta nuna bango da haɓa.

"Ga hularsa nan. Ya zaga baya."

Akwai wanda ya yi wata guda yana zagawa baya. Mutanen gari har tsokana suke yi, wai a kai ma'aikatan gidan waya asibiti a duba musu ciki.

Dariyar ba ta kai ko'ina ba. Wasiƙun da ba a raba ba a buhu ake cusa su a tura ƙarƙashin tebur. Ɓera ya ci wasu, damina ta ci wasu. Akwai tsohuwar da maganin idonta ya zo daga wajen 'yarta a ƙasar waje, ya kwana ya tashi a buhun nan har ya lalace. Akwai yaron da aka kira shi aiki a babban birni, bai ji ba sai bayan an ba wani.

Ƙusa ta huɗu ita ce ta Don Casimiro, dattijon da ake sa wa "Don" a gaban suna saboda girmamawa, kuma kullum da rana fayau take. Shi ke da zagayen tudu, can cikin gonakin gahawa, inda gidaje ba su da lamba sai dai a ce "bayan bishiyar mangwaro, gidan mai baƙin kare". Da ƙafa yake hawa, don keken ofis ya mutu tun zamanin shugaban da ya wuce. In ya ga buhun ƙarƙashin tebur ya kumbura, sai ya ɗebi na kan hanyarsa ya ƙara a jaka, ba ya ce wa kowa komai. Ba ya saukowa sai an rufe ofis. Herminia na ajiye masa makulli a ƙarƙashin tukunyar fure. Hularsa kuwa tana kansa, ina zai bar ta a wannan rana?

Da ƙorafi ya yi yawa, sai babban ofis ya turo sufeto, wani Señor Peguero, mai ƙamshin turare da takalmi kamar madubi. Ba sanarwa ya faɗo, da yamma. Herminia ta tare shi da fara'a, ta ce ai ba a shigo garin nan ba a sha gahawa ba. Ta ɗora tukunya, ta sa hannu ƙarƙashin kantar ofis ta danna waya. Kafin gahawar ta tafasa, su ukun sun shigo ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya, kowa na gyara wando. Tiburcio da gashin zakara a kafaɗa, Yuderka da matsefi soke a aljihu. Sufeto bai lura ba. Bango yake kallo.

"Wannan ƙusar ta wane ne?"

Ya zauna har lokacin tashi. Don Casimiro bai dawo ba. Ba shi da waya, kuma ko yana da ita, tudu ba ya sauko da mutum da sauri. Sufeto ya ce zai dawo jibi a zauna, kuma babban ofis ya ce kada ya koma sai da sunan mutum.

Jibin ce ta zo yau.

* * *

An jera kujeru a tsakiyar ofis. Fanka na juyawa tana kuka, ba ta korar zafi sai dai ta kai shi kusurwa ta dawo da shi. Su ukun sun sha guga, hulunansu na kan ƙusa. Don Casimiro ne ya shigo a ƙarshe, jaka a kafaɗa, don ya riga ya kai wasiƙun ƙasan tudu tun da sassafe kada zaman ya ci masa rana. Rigarsa ta jiƙe ta manne a baya.

"Barka da safiya, uwar ɗana," ya ce wa Herminia, kamar yadda ya saba tun ranar baftisma.

"Barka, Don Casimiro." Ba ta iya kallon idonsa ba, sai ta kalli takalmansa. An yi musu faci har ba a gane asalin fatar.

Wilfrido ya miƙe ya sunkuyar da kai. "A sa mini albarka, Baba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Sufeto ya yi gyaran murya. Ya yi magana mai tsawo a kan amana da mutuncin aiki, yana duban agogonsa, don yana so ya kama hanya kafin zafi. Sannan ya juya.

"Kai ne Casimiro? Shekaranjiya na zauna a nan har aka rufe. Ina kake?"

"Ina tudu, ranka ya daɗe."

"Tudu. Kowa na da tudunsa. A garin da na baro, wani cewa ya yi yana rafi, ashe rafin kantin giya ne."

Tiburcio ya yi dariya, Yuderka ta taka masa ƙafa.

"Hanyar da nisa," in ji tsohon. "Kuma ƙafafun ba na da ba ne. In na juyo don in rataye hula, mutanen sama ba za su ga wasiƙa ba."

"Doka ta ce a dawo. Abokan aikinka ai sun dawo. Su ba su da ƙafa ne?"

Don Casimiro ya buɗe baki. Herminia ta ga maganar ta taso masa har maƙogwaro. Ya san komai: shagon gashi, zakaru, buhun da ke ƙarƙashin teburin da sufeto ya ɗora gwiwar hannu a kai. Ya juya ya dubi Wilfrido. Yaron ya kafa ido a ƙasa, kunnuwansa sun yi ja, yana murza makullin babur a cikin aljihu har ana jin ƙararsa. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sai ya rufe bakinsa, ya juyo ga Herminia, ya jira. Ba zai tona ɗansa na baftisma da bakinsa ba. Amma ita ce shugaba a nan, kalma ɗaya daga gare ta ta isa.

"Doña Herminia," in ji sufeto, "ke ce idon babban ofis a wurin nan. Wannan mutumin yana dawowa kafin a tashi?"

"Ba ya dawowa." Wannan dai gaskiya ce, ta fita da sauƙi.

"Sauran fa? Kullum suna nan har a rufe, kamar yadda na same su?"

Fanka ta juyo ta kaɗa mata gashi, ta wuce. Herminia ta tuna da kukan jariri da safe. Ta tuna da shekarunta, da cewa ba wanda zai ɗauki mace irinta ko shara. Ta tuna kuma saura kaɗan Don Casimiro ya ajiye aiki da haƙƙinsa cikakke, ya zauna da kajinsa. Duk ta auna su, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne, tun a kicin ta san wanda zai rinjaya.

"Suna nan," ta ce.

"Ban ji ba."

"Suna nan, ranka ya daɗe. Ga hulunansu."

Sufeto ya sauke numfashi irin na wanda aiki ya zo masa da sauƙi. Ya ce to, an gano inda ruwa ke yoyo. Ya ce daga yau an sallami Casimiro, maganar haƙƙinsa kuwa sai abin da babban ofis ya gani, don wanda aka kora da laifi ba ɗaya yake da wanda ya gama lafiya ba. Ya ƙara da cewa sauran su ɗauki darasi. Tiburcio ya gyaɗa kai da ƙarfi, kamar a coci.

Don Casimiro bai yi gardama ba. Ya sauke jakar a hankali ya jingina ta a jikin kantar.

"Akwai na Doña Petronila a ciki," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ba ta gani, sai an karanta mata. Gidan bayan mangwaro kuma a yi kira daga nesa, karen ba ya wasa."

Ba wanda ya motsa ya ɗauki jakar. A cikinsu ba wanda ya san mangwaron da yake nufi.

"Baba..." in ji Wilfrido, yana shirin miƙewa.

"Zauna, ɗana. Kana bakin aiki."

Ya zagaya bayan kantar, ya wuce Herminia har rigarsa ta goge ta, ta ji warin rana da gumi. Ya cire hular. Goshinsa fari sol daga inda hular ke tsayawa, sauran fuskar baƙa ƙirin, kamar an haɗa mutum biyu. Ya rataye ta a ƙusarsa, ya gyara mata zama.

"Ga ta nan, uwar ɗana. In wani ya tambaya, ki ce na zaga baya."

Ta ƙofar gaba ya fita. Mutumin da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba, ya ja ƙofar nan ya buga ta har farar ƙasa ta zubo daga rufi a kan takalman sufeto. Huluna uku, busassu, masu tsabta kamar yau aka raba su, suka yi ta lilo a kan ƙusa. Ta huɗun ta yi nauyi da gumi, ko motsi ba ta yi ba.