Mai Fitilar da Ke Tashi Kafin Duhu

Shekarar da ta biyo bayan babban farin tamanin da huɗu, wani mutum ya kama rumfar da ke jikin tawa a bakin tashar motar Gashua. Ni Falmata ƙosai nake soyawa a wurin, kuma Allah bai yi ni da ganin abu in kau da kai ba.

Sunansa Dunoma. Daga Nguru ya zo, inda ya daɗe yana kula da fitilun Reluwe. Ya ajiye aikin don ya ci gashin kansa, ya kafa teburin gyaran fitilar ƙwai da tocila da risho. Hannu kam yana da shi. Fitilar da ke hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace, in ta bi ta hannunsa sai ta dawo tas.

Abin da ya ɗaure mini kai lokacinsa ne. Bakwai da rabi ya buɗe, uku da rabi ya dubi agogo ya kwashe kaya ya sa kwaɗo. Mai gyaran fitila fa. Wa yake tuna fitilarsa ta lalace da rana tsaka? Sai la'asar sakaliya masuntan Bade ke hawowa daga bakin kogi da fitilun da za su shiga ruwa da su, su tarar da rumfa a rufe, su wuce cikin kasuwa.

Da abin ya ishe ni na tare shi. "Malam Dunoma, me ke korarka tun rana na sama?"

"Lokacin tashi ke nan, Ya Falmata."

"In ji wa?"

Ya tsaya yana juya ɗan makulli a hannu, kamar na tambaye shi sunan kakan kakansa. Can ya ce, "Haka dai ake yi."

A ranar ya ba ni labarinsa. Shugabansa a Nguru ya ce gurbinsa na nan har Babbar Salla, in ta wuce wani za a ɗauka. Matarsa Hamsatu kuma tana gidan iyayenta, ta ce ba za ta kwaso yara zuwa Gashua ba sai rumfar ta iya ci da su. Rumfar kuwa ko kanta ba ta ci da shi.

Daga nan na ƙara sa masa ido, na gano wani abin. Ba ya motsawa sai ya faɗa mini. "Ya Falmata, zan je masallaci." "Ya Falmata, zan sayo lagwani." Da farko na ɗauka jiran kaya yake ba ni, amma na lura ba ya ɗaga ƙafa sai na ce je ka. Wata azahar na gwada shi, na yi kamar ban ji ba. Wallahi bawan Allahn nan yana tsaye da buta har liman ya ta da salla. Ashe izini yake nema.

To, tunda haka ne, na gyara murya na ce, "Daga yau sai magariba za ka tashi."

Ya ce, "To." Ko musu babu.

Kafin wata ya kama, masunta sun san shi, Fulanin da ke zuwa cin kasuwa suna kawo masa tociloli a jaka. Ni nake cewa a buɗe, ni nake cewa a rufe, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

Ana jajibirin Salla da la'asar sai ga shi a gabana da jakar tafiya a kafaɗa. Motar Nguru ta ƙarshe tana lodi.

"Ya Falmata, wa'adin ya zo. In koma ko in zauna?"

Raina ya ɓaci, da shi da ni kaina. Na ce, "Kai Dunoma, ka baro shugaba mai hular kaki, ka zo ka naɗa mai matsamin ƙosai? Ni ba Reluwe ba ce. Matar taka ce, yaran naka ne, rumfar taka ce."

"Ko shawara ce ki ba ni."

"Ba ni da ita."

Ina da ita mana, tana bakina kamar garwashi. Na juya na ci gaba da zuba ƙullu a mai. Ɗan kamasho yana ta kiran Nguru saura mutum ɗaya, Dunoma na tsaye tsakanin motar da rumfarsa. Sai ga Hammadu, wani tsohon masunci, da fitila a hannu, mariƙinta ya karye.

"Mai gyara yana nan kuwa?" in ji Hammadu.

Na ji idon Dunoma a ƙeyata. Ban waiwaya ba, har ƙosai ya fara ƙonewa ina kallo. An rufe ƙofar mota, direba ya ta da inji. Sannan na ji ƙarar kwaɗo ya buɗe.

"Yana nan, Baba," in ji Dunoma. "Kawo mu gani."

Ya gama gyaran daidai kiran magariba. Ya ɗauki buta, ni kuma na shirya bakina da je ka. Ya bi ta gabana, ya ce mini sannu da aiki, ya wuce abinsa masallaci. Na daɗe riƙe da matsami, ina murna, kuma wani abu yana sosa mini rai.

Bayan Salla Hamsatu ta iso da yara. Washegari Dunoma bai buɗe ba sai hantsi, kuma har yau bai gaya mini dalili ba.