Gauraka Mai Guntun Yatsa

Direban ƙungiyar kare namun daji ya sauke kejin a bakin shago, ya yaye buhun da aka rufe shi da shi, sai Kafinta ya ga ƙafar.

Ba tukkun nan mai ruwan zinariya ya fara gani ba, ba kuma dogon wuyan ba. Ƙafar hagu ya gani: yatsan tsakiya guntu ne, ya warke ya dunƙule kamar kan ƙusa. Zarton da ke hannunsa ya tsaya cak a cikin katako.

Ya san yatsan nan. Wata takwas da suka wuce, da ya ƙera kejin, ya yi masa ƙofa mai faɗowa daga sama, ta kuwa faɗo ta datse wa gaurakan yatsa. Shi ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya ɗaure da ƙyallen da ya yago daga rigar aikinsa. Dalilin da ya sa ya sake ƙofar ke nan, ya mai da ita mai buɗewa ta gefe. Bayan mako guda ya ga an saki tsuntsun a bakin tafki a talabijin, 'yarsa tana tsaye tana yi wa 'yan jarida bayani. Ita ce babbar jami'ar hulɗa da 'yan jarida ta ƙungiyar, ita ce ma ta samo masa aikin ƙera keji. Ranar har maƙwabta ya kira su zo su gani.

"Wannan ai an sake shi," in ji Kafinta.

"An sake shi mana, Baba. Sau huɗu." Direba ya yi dariya yana share gumi da hularsa. "Tsohon ma'aikaci ne, ya riga ni shiga ƙungiyar. Ƙarin girma ne kawai ba a yi masa ba."

Ya zura hannu ya ɗaga fiffiken tsuntsun. An aske dogayen gashin a jere, tsaf, aikin almakashi.

"Yakan tashi kamar daga nan zuwa shagon mai walda, iyakar abin da kyamara ke so ke nan. Ya faɗa cikin ciyawa, baƙi su tafa, su shiga mota. Ni kuma in zagaya in ɗauko abina."

Kafinta ya ajiye zarton. "Na huɗun yaushe ne?"

"Ran Litinin."

Sai Kafinta ya nemi benci ya zauna.

Ran Litinin ne aka nuna Mai Koma a labarai. Mai Koma masunci ne, maƙwabcinsa, amininsa na shekara talatin. An nuno shi rungume da gauraka, masu gadin daji biyu sun riƙe shi, a ƙasan hoton an rubuta cewa an kama ɓarawon tsuntsaye. Washegari matar Mai Koma ta zo nan, ta tsaya daidai inda kejin yake yanzu, ta ce, "Baban yara, ka yi wa 'yarka magana. Wallahi ce masa aka yi hoto kawai za a ɗauka." Shi kuwa bai ko ɗago kai daga katakon da yake gogewa ba. Cewa ya yi, "Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ba na sa baki a aikin yarinya."

"Kamun masuncin nan tsautsayi ne," Direba ya ce, ya rage murya. "Da ma akan samu wani ya riƙe tsuntsun, a ɗauki hoto, a rufe fuskarsa, a sallame shi ya tafi gida. To ran nan an yi manyan baƙi, har da babban ɗan sanda. Shi bai san wasa ake yi ba. Ya ce a sa ankwa. Wa zai buɗe baki gaban baƙi ya ce ranka ya daɗe, ai namu ne?"

Ya nuna ƙarfen ƙofar da ya karye. Ya ce a gyara, kuma tsuntsun ya zauna a shagon zuwa Asabar, domin ofis cike yake da baƙi, ba a so a gan shi can. Ya ajiye ƙullin hatsi a kan benci ya tafi.

* * *

Bai taɓa zuwa ofishin 'yarsa ba sai ranar. Mai gadi ya dubi garin katakon da ke gashin girarsa, ya ce masu gyara ta baya suke shiga. Sai da ya faɗi ko shi wane ne aka buɗe masa ƙofar gilashi.

Ciki sanyi kamar randa. Bangon duk hotuna ne: giwaye, kunkuru, yara riƙe da dashen itace. A tsakiya, babba ya fi kowanne, gauraka ne ya buɗe fiffike a kan ruwa. Kafinta ya matsa kusa ya duba ƙafar. An yanke hoton daidai gwiwa.

Ta taso daga bayan tebur, waya a kowane hannu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba.

"Baba, lafiya? Da ka kira ni ai da na zo."

"Uwata, gaurakan nan yana shagona."

Ta dube shi, ta dubi ƙofa, ta je ta rufe. Abin da ya fi tsorata shi shi ne ba ta firgita ba. Ajiyar zuciya kawai ta yi, irin ta wanda aka tuna masa aikin da ya manta.

"Direban nan bakinsa ba ya shiru. Zauna, Baba."

"Kin sani ke nan."

"Baba, tafkin nan mutuwa yake yi. Da ana ganin gauraki garke-garke, yanzu sai ka wuni ba ka ga uku ba. Ɓarayin gaske suna nan, da motoci, da manya a bayansu, ba mai iya taɓa su. Masu taimaka mana kuwa ba sa sakin hannu sai sun ga abu da idonsu. In ban nuna musu ba, masu gadi arba'in za su koma gida, tafkin ya zama na kowa. Ƙarya ɗaya ce take riƙe da gaskiya da yawa."

Maganar ta fito sumul, babu gargada, kamar yadda take yi a talabijin. Shi ya biya mata makarantar da ta koyi wannan, da tebur da kujerun mutane.

"Kawunki Mai Koma fa? Wa ya koya miki sunayen tsuntsayen nan? Ba shi yake ɗora ki a jirginsa kina 'yar mitsitsiya ba, yana nuna miki wannan zalɓe ne, wannan kirinjijiya?"

Nan ne idonta ya kauce. "Ni na ce a nemo shi. Na san kamun kifi ya yi baya, na ce gara shi ya samu ɗan kuɗin hoton da wani. Ban san ɗan sandan zai zo ba."

"Fuskarsa fa? An ce rufewa ake yi."

Ta juya wayar a hannunta. "Tunda kamun ya zama na gaske, shugaban ƙungiya ya ce a bar ta a buɗe. Ya fi shiga rai."

"Shugaba ya ce. Wa ya aika wa gidan talabijin?"

Ta kife wayar a kan tebur.

"Gobe za a kai shi kotu, Uwata. Ki rubuta takarda, irin wadda kike rubutawa kullum. Ki ce kuskure ne."

"In na rubuta, ƙungiyar ta mutu, ni kuma ba wanda zai sake ɗauka ta ko shara. Wataƙila ma ni za a sa wa ankwar. Haka kake so?" Ta sassauta murya. "Na samo masa lauya. Ya amsa laifi kawai, a ja masa kunne, ya dawo gida. An gama magana."

"Ya amsa abin da bai yi ba."

"Na kwana ɗaya ne, Baba."

Waya ta yi ƙara. Ta ɗaga masa hannu alamar ya dakata, ta ɗauka. A gabansa fuskarta ta washe, murya ta koma zuma: ƙwarai kuwa, ran Asabar da safe, a zo da masu kyamara, an ceto wani gauraka. Kafinta ya tsaya yana kallon bakinta. Bakin mahaifiyarsa ne sak. Ya buɗe ƙofa a hankali ya fita.

* * *

Ɗakin kotun ƙarami ne, fanka ɗaya tana juyawa tana kuka. Ya zauna a bencin baya, ya lura ƙafar bencin tana rawa, ƙusa biyu za su gyara ta. Tun asuba yake jera maganar da zai yi: ranka ya daɗe, tsuntsun yana shagona, ni na datse masa yatsa. Amma duk inda ya bi da maganar, ƙarshenta kan 'yarsa take faɗawa.

Aka shigo da Mai Koma. Kwana huɗu sun rage shi. Ya waiwaya, ya ga Kafinta, ya yi ɗan murmushi, ya ɗaga gira kamar mai cewa kada ka damu, an shirya.

Aka karanta laifi. Lauya ya gyaɗa masa kai. Mai Koma ya ce, "Na amsa."

Kafinta ya dafa benci, ya ɗaga jikinsa kamar taƙi ɗaya. Ya tuna an ce jan kunne ne kawai. Ya koma ya zauna.

Alƙali ya cire tabarau. Ya ce shi ma ya ga abin a talabijin, har jikarsa ta yi kuka saboda tsuntsun. Ya ce lokaci ya yi da za a yi misali da wani. Wata tara a gidan yari, kuma a ƙwace jirgi da koma.

Lauya ya sunkuyar da kai cikin takardunsa. Mai Koma ya dubi lauya, ya dubi alƙali, sannan ya juyo ya dubi amininsa, bakinsa a buɗe. Sai a lokacin Kafinta ya miƙe tsaye sosai, amma kowa ma ya miƙe, domin alƙali ya tashi.

A bakin ƙofa matar Mai Koma ta wuce ta gabansa. Ba ta zage shi ba. Gaishe shi ta yi, ta ce, "Sannu da zuwa, Baban yara. An gode."

* * *

Da ya koma shago rana ta karkata. Gaurakan yana tsaye a keji da ƙafa ɗaya. Kafinta ya ɗauki guduma ya ɓalle ƙofar gaba ɗaya, ya jefar da ita kan tarin guntayen katako. Ya buɗe ƙofar shagon har bango.

"Fita," ya ce. "Je ka."

Tsuntsun ya fito yana ɗingishi. Ya taka garin katako har bakin titi, ya miƙa wuya ya dubi sama. Ya buɗe fiffike, ya yi tsalle, ya tashi kamar daga nan zuwa shagon mai walda, ya sauka. Ya tsaya can yana waige-waige, kamar mai jiran tafi.

Da bai ji komai ba, sai ya juyo. Ya tako a hankali, ya wuce ta gaban Kafinta, ya sunkuyar da tukkunsa ya shiga kejin da ba shi da ƙofa. Ya naɗe ƙafarsa mai guntun yatsa, ya tsaya yana jiran Asabar.