Kumatun Iya

Na tarar da Iya tsaye bakin turmi tana surfen gero, tabarya na hawa tana sauka, mata uku na maƙwabta suna zaune gindin darbejiya suna zuga ta. Sai da na tsaya da jakata a hannu na sake dubawa. Matar da na bari a Tsafe wata bakwai da suka wuce ba ta iya tashi daga tabarma sai an kama ta. Shekara biyu gwiwoyinta na kumbura, in ta motsa ka ji suna ƙara, salla ma a zaune take yi.

"Luba, zo ki ga uwarki ta koma budurwa," in ji Maijidda, maƙwabciyarmu ta jikin katanga. "Dubi kumatu, kamar ka taɓa jini ya fito."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma Allah ya yi ni da zargi. Tun ina yarinya Iya ke cewa ko ruwa aka ba ni sai na leƙa gindin moɗa. Da ta ajiye tabarya ta zo ta zauna, na ƙare mata kallo. Fuska ta cika ta yi zagaye, wuya ya yi tudu ta baya, ciki ya fito. Hannuwa kuwa sun tsotse, ƙafafu kamar karan dawa, ga tabo baƙi-baƙi a dantsenta da ta ce ba ta san sanda ta buge ba. Ƙibar da na sani ba ta zaɓen wuri.

Na tambaye ta me take ci haka. Ta ce tuwon da na sani. Na ce me take sha. Ta ce ruwan randa, ta kuma ɗauko hirar yarana da mijina a Bungudu. Iya ba ta iya ƙarya ba, in ta yi sai ta kama gyaran ɗankwali.

Washegari da hantsi ta shiga wanka, na ɗauki zanenta zan shanya, sai na ji ƙulli a haɓarsa. Na kwance. 'Yar leda ce fara, ciki ƙwayoyi biyar: biyu farare ƙanana, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya ja, da wata mai kwanso. Ba kwali, ba takarda, ba suna. Na ɗaga katifa na samu irinta fiye da ashirin.

Da ta fito ta gan su a hannuna, ta fizge.

"Wa ya aike ki? Haɗin Dakta Sabiru ne. Kafin shi wa ya tashe ni? Ke?"

Na san Sabirun. Duk ranar kasuwa yana kafa babur ɗinsa bakin titin Funtua da 'yar lasifika, yana shelar maganin sanyin ƙashi da ciwon gaɓɓai. Shekaru biyar baya batir da tocila yake sayarwa. Na faɗa wa Iya haka, ta ce ai ilimi baiwa ce, kuma tun da ta fara sha goshinta ke taɓa ƙasa a salla. Me zan ce wa wadda ta yi shekara biyu tana kukan sujada?

Na kira yayana Abdulaziz, wanda ke aikin gwamnati a Gusau. Ya ce shi ya ga Iya da idonsa a ƙaramar salla, ta yi kyau, kowa na yaba masa yadda yake kula da ita. Ya ce matsalata ba a yi min gwaninta, kuma kada in je in tsorata tsohuwa ta koma kwance. Na koma Bungudu raina a ɓace, amma na saci ƙulli ɗaya na jefa a jaka.

* * *

Bayan wata huɗu aka kira ni. Iya ta sunkuya za ta ɗauki buta, wani abu ya soke ta a matsematsin ƙafar dama, ta zube. Tun daga nan ƙafar ta ƙi ɗaukarta.

Kafin in iso gida an gama shari'a. Gwaggona da wasu dangi sun zauna sun tuno cewa Maijidda ce kullum ke yabon kumatun Iya, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ce tubarkalla. Kambun baka ke nan. Wata ta ƙara da cewa ta gan ta tana leƙo katanga ranar da abin ya faru. Gwaggo ba ta tsaya wata-wata ba, ta tsaya tsakar gida ta ɗaga murya yadda za a ji a maƙwabta, ta ce masu baƙin baki su ji tsoron Allah. Aka turara gida, aka kawo rubutu, aka hana Maijidda shigowa gaisuwa. Matar da ta yi shekara goma sha biyar tana miƙo wa Iya wuta da gishiri ta katanga.

Ba zan wanke kaina ba. Na ji duk wannan na yi shiru, don hankalina na kan yadda za a kai Iya asibiti, kuma ina gudun faɗa da Gwaggo. Sai da na yi wa Abdulaziz kuka a waya, na ce in bai turo mota ba zan ɗora ta a babur, sannan ya turo.

* * *

A asibitin Gusau aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar, wata mace mai suna Rufaida, ta ɗaga hoton wajen taga ta daɗe tana kallo, ta juyo ta kalli fuskar Iya, sai ta tambaya wane magani take sha. Iya ta ce babu. Abdulaziz ya ce babu. Na zaro ƙullin daga jaka na ajiye a tebur.

Ta kwance, ta ware fararen nan biyu da bakin biro, ta girgiza kai. Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce gaɓɓai iri-iri ne. Gwiwa tana buɗewa ta rufe ne kawai kamar ƙyaure, kuma guringuntsin da ke hana ƙashi gogar ƙashi ne ya cinye a gwiwoyin Iya saboda shekaru da aiki. Wannan ana iya lallaɓa shi. Ƙugu kuwa daban ne. Ta dunƙule hannu ɗaya ta sa cikin tafin ɗayan tana juyawa, ta ce haka kan ƙashin cinya yake zaune cikin gurbinsa, shi ya sa ƙafa ke juyawa ta kowane ɓangare. Fararen ƙwayoyin nan suna ɗauke ciwo da kumburi nan take, amma in aka daɗe ana sha kullum sukan kumbura fuska, su tsotse dantse, su hana jini isa ga wannan kan ƙashin. Na Iya ya mutu, ya burma.

"To ƙibar fa?" in ji Abdulaziz, murya can ƙasa.

"Ba ƙiba ba ce, Malam. Alamar ciwon ce kuke ta yi wa barka."

Ta ce kada a tsayar da maganin lokaci guda, don jiki ya saba, za su riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. Ƙugun kuma sai an yi aiki an sa na ƙarfe, a wani babban asibiti nesa da nan, in ciwon sukarin da ƙwayoyin suka tayar mata ya lafa. Iya ta saurara har ƙarshe, sai ta yi tambaya ɗaya, ko za ta sake yin sujada. Likitar ta ce a bari a gani. Na ji haushin Sabiru, na ji na yayana, amma wallahi na fi jin haushin kaina da na ga abin tun farko na bari aka rufe min baki.

* * *

Muka dawo Tsafe bayan kwana tara. Da la'asar na shimfiɗa wa Iya tabarma a zaure don ta sha iska, na jingina ta da matashi. Muna nan sai ga Maijidda ta nufo gidanta da bokitin ruwa a ka, tana tafiya da sauri, ba ta ko kalli ƙofarmu ba. Ita da ke ɗingishi tun bara saboda ciwon gwiwa. Na bi ta da ido. Fuskarta ta cika ta yi zagaye.

Iya ta kama hannuna ta matse.

"Ni na nuna mata wurin Sabiru. Ni na ba ta ƙullin farko. Tashi ki gaya mata, Luba."

Na tashi ko mayafi ban gyara ba, na same ta a ƙofar gidanta tana sauke bokiti. Na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na faɗa mata duk abin da likita ta ce, har na dunƙule hannu cikin tafi na gwada mata. Na roƙe ta ta je asibiti kafin nata ya kai haka. Ta bar ni na gama.

"Jiya bakina ne ya karya uwarku, yau kuma magani ne," ta ce. "Kun ga na samu ƙafa, abin ya tsone muku ido. Je ki, Luba. Allah ya ba ta lafiya."

Ta ja bokitinta ciki ta turo ƙyaure, na ji ta sa sakata.

Na dawo zaure. Iya ta ɗago tana duban fuskata, na zauna gefenta. Aka kira magariba. Na kawo mata ruwa a roba ta yi alwala a zaune, na juya tabarmar ta fuskanci gabas. Ta kabbara, ta yi karatu, da ta zo wajen sujada sai ta sunkuyar da kai iya inda ƙugun ya bar ta, ta daɗe a haka. Ta bayan katanga muna jin tabaryar Maijidda tana sauka da ƙarfi.