Harsasai Biyar da Ba a Auna Ba

Illo Maharbi ya haura shekara sittin da biyar, kuma daga Madarumfa har Gabi da wuya a sami wanda zai ce ya taɓa ganin ya harbi abu sau biyu. Bindigarsa tsohuwa ce mai cin harsashi ɗaya, gadon mahaifinsa, takardar izininta kullum tana naɗe cikin leda a aljihunsa. Irin harsashinta ya daɗe da ɓacewa a kasuwa, shi ya sa ba ya yar da kwanso. In ya harba sai ya tsince kwanson, ya koma gida ya sake cika shi, ya ɗora masa sabon kan dalma.

Da sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, cikon ya gagare shi. Sai ya koya wa Kabiru, mijin 'yarsa Maryama, wanda ke gyaran moto, wato babur, a bakin tasha. Ranar da aka yi koyon kowannensu tabarma yake kallo, don surukai ba sa haɗa ido.

"Albarushi kowa ya iya aunawa," in ji Illo. "Inda ake ɓata aiki shi ne zaman kai. In ka danna shi ya nutse da yawa, sai ya yi tsalle kahin ya kama hanya cikin bututu, ya hita yana lilo. In ka bar shi da tsawo, ya cije. Kowace bindiga da tsawon da take so. Wagga, ga nata."

Ya miƙa masa wani tsohon harsashi da ya yi baƙi, wanda babu albarushi a cikinsa. Ya ce duk wanda aka gama a tsayar da shi kusa da wannan a kan faranti, a ɗora wuƙa a kansu. In haske ya wuce ta ƙarƙashin wuƙar, ba su zo ɗaya ba, a kwance a sake.

Shekara biyu Kabiru yana yin haka ba fashi.

A ranin shekara ta uku wani gadu ya addabi garaken bakin tafki. Ya tone rogo, ya tone dankali, ya bi ta kan albasa ya kwantar da ita. Masu garka suka kai kuka, aka ba Illo izinin kashe shi. Ya aika wa Kabiru kwanso biyar, ya ce gobe bayan sallar asuba yake son su.

Ranar ta faɗo ranar kasuwa. Tun hantsi 'yan kabu-kabu suka cika rumfar Kabiru, wannan buji, wato fulogi, wancan birki, kowa na cewa nasa ya fi sauri. Sai bayan la'asar ya sami kansa. Ya ja labule, ya wanke hannu, ya auna albarushi yadda aka koya masa. Da ya zo ɗora kai ya laluba aljihu, babu harsashin gwaji. Ya bar shi gida cikin wata riga. Gidan bai da nisa, amma ga mutum biyu a waje suna kiran sunansa. Ya ce a ransa shekara biyu yana wannan aiki, ai ido ya saba. Ya danna su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan benci. Ko da ido ya ga biyu sun nutse, ɗaya ya ɗan fi sauran tsawo. Bambancin bai wuce kaurin farce ba. Ya tsaya yana kallonsu, aka sake kiransa, sai ya naɗe su a tsumma ya kai wa tsohon da magariba.

Kabiru bai je wurin harbin ba. A rumfa labari ya same shi, daga bakin wani mai garka da ya kawo moto gyara.

Gadun ya fito daga cikin rogo rana na ɗagowa, ya tsaya cak, ya ba da haƙarƙari, tazarar ba ta wuce taki arba'in ba. Illo ya durƙusa ya harba. Ƙasa ta tashi can bayan dabbar. Ya sake ɗurawa ya harba, wannan karon ya same ta a cinyar baya. Maimakon ta nufi daji sai ta yo kan mutane. Kowa ya watse, ban da Sa'idu mai albasa, wanda santsin kwalbatin ruwa ya kayar. Gadun ya tsarge masa sha-raɓa da haure ya wuce. Ɗinki goma sha huɗu aka yi masa a asibiti.

"Tsufa ne," in ji mai ba da labarin. "Idon tsohon ya tahi, bai son faɗa ne kawai. Taki arba'in fa! Ko ni da ban taɓa riƙe bindiga ba."

Kabiru ya sunkuyar da kai kan injin da yake kwancewa. Ya ɗaure kusa guda, ya kwance ta, ya sake ɗaure ta. 

Maganar ta bi gari. Illo ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, yana idar da salla sai ya sa takalmi ya tafi. Ya je duba Sa'idu sau uku, kowane zuwa a bakin zaure yake tsayawa. Kabiru kuwa abinci ya daina shiga masa. Sau biyu yana kama hanyar gidan surukin, sau biyu yana karkatawa ya bi wani lungu.

Bayan kwana goma Maryama ta ajiye masa tuwo ta zauna gefe.

"Maigida, Baba ya ce ko za ka kai shi Maraɗi a duba mishi ido. Ya ce bai son a ji, shi ya sa bai nemi kowa ba sai kai."

"Idonshi lahiya lau," Kabiru ya faɗa da sauri.

Ta dube shi. "Kai likita ne?"

Ya ce gobe za su tafi.

Ya goya tsohon a moto suka shiga Maraɗi. Suka yi layi har azahar. Likitan ido ya sa Illo ya rufe ido ɗaya yana nuna inda alamomin allo suka fuskanta, har layin ƙasa, bai kuskure ko ɗaya ba. Likitan ya yi dariya ya ce da shi ne ke da irin wannan ido da ya ajiye tabarau. Kabiru ya ɗauka tsohon zai yi murna. Bai yi ba.

A hanyar komawa, sun wuce rabin tafiya, Illo ya yi magana daga bayansa.

"Da ido ne da na ji sauƙi, ido ana yi mishi magani. Tunda ba shi ba ne, to ni ne. Hannu ya mutu, ko zuciya. Na sa an yi wa bawan Allah rauni a banza. Jibi zan kai bindigar in miƙa wa hukuma."

Kabiru ya sauka daga kwalta, ya tsaya ƙarƙashin wani gawo, ya kashe moto. Ya jira tsohon ya sauka, sannan ya cire takalmi ya durƙusa a cikin ƙasa.

"Baba, ba hannunka ba ne. Ban auna su ba."

Ya faɗa masa duka: kasuwa, rigar da ya bari a gida, biyun da suka nutse, da yadda ya gani da idonsa ya naɗe su a haka.  Wata mota ta wuce da lodin itace, mutanen kai suna leƙen su.

Illo ya bi motar da kallo har ta ɓace, sannan ya ce:

"Ka gani, ka kawo mini?"

"Na gani, Baba."

"Kwana goma kana ji ana cewa na makance."

"Ina ji."

"Ka goyo ni har Maraɗi, ka zauna kana kallo ana haska mini hitila a ido."

 Kabiru ya ji da ƙasar za ta buɗe da ya shige.

Tsohon ya zauna a kan saiwar gawon ya miƙe ƙafa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Shekara arba'in ban taɓa sa harsashi a bindiga ban jera shi na duba ba, ko da ni na cika shi. Ran nan da ka kawo, na kwance tsumman, na ɗauko faranti. Sai uwargida ta shigo, na ji nauyin ta ga ina binciken aikin suruki kamar ban yarda da shi ba. Na mayar na ƙulle. To ka ga nawa rabon." Ya share fuska da hannun riga. "Tashi. Ni na yahe. Amma ba ƙafata aka ɗinke ba."

Washegari da hantsi Kabiru ya je gidan Sa'idu. Ya so ya same shi shi kaɗai, amma ya tarar da mutum biyar a zaure sun zo dubiya, har da wanda ya kawo masa labari a rumfa. Ya gaishe su, ya zauna, ya kusa tashi ya ce sai an jima. Sai ya dubi ƙafar da ke naɗe da bandeji a kan matashi, ya faɗi abin da ya kawo shi a gaban kowa.

 Wani ya ce, "Subhanallahi." Wani ya ce shi bai yarda ba, kaurin farce ba zai kautar da harsashi daga kan gadu ba, suruki ne kawai ke rufa wa suruki asiri. Sa'idu bai shiga gardamar ba. Ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa, amma albasarsa kwana goma sha biyu ke nan maƙwabta ke ba ta ruwa in sun tuna.

Illo bai miƙa bindigar ba, bai kuma sake fita da ita a wannan ranin ba. Gadun, makiyaya suka tsinci mushensa can wajen Gabi. A gari wasu suka karɓi maganar Kabiru, wasu suka tsaya a kan cewa tsufa ne, kuma har yau in zancen ya taso sai an rabu biyu. Maryama ta yi kwana uku ba ta ce wa mijinta komai ba sai gaisuwa.

Wata guda da rabi Kabiru ba ya buɗe rumfa sai rana ta ɗaga. Daga masallaci yake wucewa bakin tafki, ya tayar da injin ban ruwa, ya bi kwamin albasa, wato fangalin shuka, ɗaya ɗaya da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya. Mutanen garaken suna wucewa su yi masa sannu, wasu da murmushin da ya fi zagi ciwo, shi kuwa ya amsa kansa a ƙasa. A mako na huɗu Sa'idu ya fara zuwa da sanda, ya zauna a inuwar mangwaro yana kallo.

"Malam Kabiru, toshe wancan, ya ƙoshi," ya ce. "Albasa ba shinkafa ba ce."

Kabiru ya toshe, ya matsa kwami na gaba.