Rijiyar Muntaka

Su biyu Nasara suka kwashe daga Matameye zuwa yaƙin Jamus, su biyun kuma suka dawo: Illa da taubashinsa Muntaka. Illa ya dawo da rawar hannu, ko tsawa aka yi sai ya shige ƙarƙashin rumbu. Muntaka kuwa baki har kunne. Ka tambaye shi yaƙi, sai ya ce, "Sanyi ne kawai, sai tuwo maras miya." Gari ya yanke hukunci: wannan namiji ne, wancan an bar zuciyarsa a can. Mutanenmu dai ba su iya duba bayan dariya ba.

Suka koma sana'ar gado, haƙar rijiya. Muntaka a ƙasa, Illa riƙe da igiya. A ƙauyen Tsauni, da rami ya kai zurfin gaba goma, Illa ya fara jin hira tana tasowa daga cikin ramin da tsakar rana. Muntaka na tsokanar mutane da sunayensu, yana ce musu su yi haƙuri, gobe za a zo a canje su daga bakin daga. Illa ya san sunayen nan sarai. Da hannunsa ya tone gawawwakin masu su daga laka a fagen yaƙi.

Ran Alhamis gugan ƙasa ya daina hawowa.

Illa ya leƙa ya ce, "Muntaka, ja igiya mu fid da kai!"

"Haba matsoraci," muryar ta taso da fara'a. "In tafi in bar su? Yanzun nan za a zo."

Gefen ramin ya fara zubar da yashi. Tsoro ya kama Illa har cikin ƙashi. Roƙo bai yi ba, rantsuwa ba ta yi ba. Sai ya kwanta a bakin rijiyar, ya aro muryar sarjan ɗin da ya fi tsana a duniya, ya daka tsawa da Faransanci cewa an canje su, kowa ya fito.

Can igiya ta motsa.

Da aka jawo shi, Muntaka ya dubi ramin, ya dubi Illa.

"Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai, ɗan'uwa. Tun tuni."

Muntaka ya zauna a kan tsibin ƙasa ya fashe da kuka kamar an yi masa mutuwa yau. Matan ƙauye suka ja baya suna cewa aljanin rijiya ya shafe shi. Illa ya dafa kafaɗarsa, ya bar shi ya yi ta yi.