Kwafin Ranar Juma'a

Akwatin ajiya na kamfanin iri ya mutu ranar Talata da hantsi, ana saura kwana shida masu tantance iri su iso Funtua. Baƙin akwati ne da bai kai girman batirin mota ba, amma duk kwamfutocin ofis a cikinsa suke zuba aikinsu. A ciki akwai gwajin masara na damina uku da Malama Zakiyya ta yi a gonakin Tsiga da Dandume. Idan babu shi, ba za a ba sabon irin shaida ba.

Matta, wanda ya haɗa na'urorin, daga Malumfashi yake zuwa, ranar Talata kaɗai. Yana durƙushe gaban akwatin mai kamfanin, Alhaji Murtala, ya shigo ba sallama.

"Injiniya," in ji Alhaji, yana jan kalmar. "An ce jaririn naka ya cika."

"Faifai biyu na cikinsa ne suka lalace, Alhaji. Amma akwai akwati na biyu a ɗakin gwaji, duk mako yana ɗaukar kwafi."

"To ɗauko. In aka kira la'asar ban ga aikin Zakiyya a allon nan ba, ka ajiye min makullina. Kuma duk wani mai ofis daga nan har Bakori sai ya ji sunanka a bakina."

Matta ya san zai iya. Alhaji mutum ne da bai taɓa cika alkawarin alheri a kan lokaci ba, amma na sharri bai taɓa makara ba.

Akwati na biyu yana nan lafiya, koriyar fitilarsa tana ci. Wata goma sha huɗu Matta yana leƙo wannan fitila yana komawa da kwanciyar hankali. Bai taɓa buɗe kwafin ya gwada ba. Yau ya buɗe. Na makon jiya guntu ne. Na wancan makon ma guntu. Ya yi ta ja baya, duk guntaye ne.

Malama Zakiyya tana tsaye a kansa, hannu a harɗe. "Malam Matta, na taka kunya ɗari huɗu da ƙafata cikin taɓo. Kai aikinka kallon fitila ne kawai, shi ma ya gagare ka?"

Matta ya buɗe rajistar da na'urar ke rubuta duk abin da ya same ta. Layi ɗaya ne yake ta maimaituwa: Juma'a, ɗaya da rabi, an fara kwafi. Ɗaya da minti talatin da huɗu, wuta ta yanke.

Shi ya zaɓi lokacin da kansa, har yana jin ya yi dabara. Kowa ya tafi masallaci, babu mai taɓa kwamfuta, layin sadarwa ya zama na akwatin shi kaɗai. Shi Kirista ne, ba ya zuwa Juma'a, kuma bai taɓa wuni a ofishin ranar Juma'a ba.

"Malama, me ke faruwa a nan ɗaya da rabi ranar Juma'a?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta sunan garin. "Alhaji yana kashe janareta ya sa makulli a aljihu. Wa zai ƙona wa kujeru gas? Wannan ko akuyar maƙwabta ta sani."

Aka kira Alhaji. Matta ya nuna masa layukan, ya tuna masa batirin riƙon wuta da ya mutu tun bara, wanda ya rubuto takarda sau uku a canza.

"Wato ni na kashe shi."

"Ban ce ba, ranka ya daɗe. Amma duk Juma'a na'urar tana aika saƙon gargaɗi. Kai ka ce kowane saƙon kamfani ya riƙa zuwa wayarka."

"Shirmen Turancin nan? Na ɗauka masu talla ne." Alhaji ya matso har Matta yana jin ƙanshin turarensa. "Kai ka sa abu ya riƙa aiki lokacin salla ba ka tambayi masu sallar ba. Ni ban ɗauke ka ka karanta min tarihi ba. Ina masarar?"

Matta ya ci gaba da ja baya, Juma'a bayan Juma'a. Agusta, Yuli, Mayu. A watan Maris ya tsaya. Layi ɗaya tak ya bambanta: an fara ɗaya da rabi, an kammala huɗu saura kwata.

Ya buɗe. Damina biyu cif, da hotuna da awo. Ta bana ce kawai babu.

Malama Zakiyya ta sauke numfashi. "Ta bana tana cikin littattafan gona. Zan sake bugawa, ko idona zai tsiyaye. Kada ka ɗauka godiya nake maka."

Alhaji kuwa ba masarar yake kallo ba. Kwanan watan yake kallo.

"Maris. Cikin azumi. Ina Umra." Ya juyo a hankali. "Injin nan ya yi awa biyu da kwata yana ci, ofis ba kowa. Wa na bar wa makulli?"

Kowa ya sani. Baba Ummaru maigadi ne, tsohon da ciwon gwiwa ya hana shi zuwa masallacin Juma'a, wanda zafin Maris da ƙishirwar azumi suka zaunar gaban fanka.

"Ko wutar gari ce aka kawo ranar, Injiniya?"

Rajistar ba ta bambance wutar gari da ta inji. Matta kaɗai ya san haka. Kalma ɗaya ta isa ta ceci tsohon. Amma ya ga idon Alhaji, ya ga yau sai an kori wani, kuma mutum biyu ne kawai a layi, shi da Baba Ummaru.

"Ban sani ba, Alhaji," ya ce.

Ana kiran la'asar Baba Ummaru ya miƙa makullin ƙofa, ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa. Da ya zo wucewa ta tagar ɗakin gwaji ya ɗaga hannu. "Sannu da aiki, Injiniya. An ce ka ceto kayan."

Matta ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Makullinsa yana aljihunsa. Ya shiga saitin na'urar, ya mayar da lokacin kwafin zuwa ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe.